Kiɗan na'ura na fim ɗin ɓarayi: wane faifai ya cancanci kuɗinka?

Idan faifai ɗaya kuɗinka zai kai, ka sayi Thief na ƙungiyar Tangerine Dream, wanda ya fito a 1981. Jamusawa uku ne suka haɗa shi, Edgar Froese da Christopher Franke da Johannes Schmoelling, don fim ɗin Michael Mann a kan wani gwanin fasa akwatunan ƙarfe a Chicago. Armashinsa yana ga sikwensa, na'urar da ke maimaita ɗan gajeren sauti ba tsayawa kamar injin markaɗe, sai jitar Froese ta hau kai tana kuka. Har takarar kyautar Razzie ta mafi munin kiɗa aka sa shi a lokacin, abin da yau ya zama abin dariya. Sai dai bugun nasa ba iri ɗaya ba ne: wani yana da “Confrontation” na Craig Safan, kiɗan da ya rufe fim ɗin, wani babu. Ka karanta jerin da ke bayan kwali kafin ka biya.

Faifan fim ɗin Drive na 2011 yana da daɗi, amma yawancin masu saye waƙoƙi biyar na farko suke bi, su bar aikin Cliff Martinez, wanda ya tsara kiɗan fim ɗin. Good Time na 2017 kuwa bai dace da mai neman natsuwa ba.

Inda ake cutar mutane shi ne jabu. Juya CD ka duba cikinsa: na kamfani fari ne kamar azurfa, wanda aka kwafa a kwamfuta yakan yi kore-kore ko shuɗi. A zoben tsakiya akwai lambar matris, wato lambar shaidar bugun, a bugun da ya biyo bayan tsakiyar shekarun 1990 kuma har da lambar IFPI mai nuna masana'antar da ta buga shi. Gwada su da na shafin Discogs, mai tattara bayanan fayafayai. Fayil ma ana yi masa kwaskwarima, a mayar da MP3 zuwa FLAC, nau'in fayil da ba ya rage ingancin sauti, a sayar da tsada. Buɗe shi a manhajar Spek, mai nuna zanen sautin fayil. In sautin ya yanke ƙaf a wajen 16 kHz, da alama asalinsa MP3 ne mai 128 kbps, kuma a irin wannan kiɗa siraran sautukan sama ne ke fara mutuwa.

Faifan garmaho kuma zafi ne abokin gabansa. In daga Turai za a turo, ka ce a cire shi daga kwalinsa a naɗe su tare don kada gefen kwalin ya tsage, ya iso ka jingina shi a tsaye cikin inuwa, kada ya yini a mota.