Zaman da na yi da masu ba da shawara kan hannun jarin kamfanonin waya

Bayan da na karɓi kuɗin sallamata daga aikin koyarwa, ƙanena mai shagon wayoyi a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi ya matsa mini in zuba wani kaso a kamfanin da ke ƙera Tecno, domin a cewarsa rana ba ta taɓa fitowa ta faɗi bai sayar da ita ba. Da wannan tunanin na shiga wani ofishin masu ba da shawara kan hannun jari a tsakiyar Kaduna, na biya kuɗin zama ɗaya.

Ofishin ba shi da wani ƙyale-ƙyale, amma takardar rajistarsu da SEC, hukumar da ke sa ido kan kasuwar hannun jari, tana rataye inda mai shigowa zai gan ta, kuma a garin da mutane suka sha wuya a hannun masu alkawarin ninka kuɗi, wannan ya kwantar mini da hankali. Matashin da ya saurare ni bai katse ni ba. Da na kai aya, sai ya nemi wayata, ya kife ta a kan tebur, ya ce, "Baba, kamfani nawa kake jin sun ci riba a jikin wannan?"

A nan ne kuɗina ya fita. Ya nuna mini cewa Tecno da Infinix da itel duk na kamfanin Transsion ne na ƙasar Sin, wanda ya shiga kasuwar hannun jari ta Shanghai a 2019, kasuwar da ba ta da sauƙin shiga ga mai ƙaramin jari daga nan. Ya ƙara da cewa mai sayar da waya mai araha da yawan ciniki yake rayuwa, ribarsa a kan kowace ɗaya siririya ce, alhali masu ƙera ƙwaƙwalwar wayar, irin su MediaTek na Taiwan da Qualcomm na Amurka, suna karɓar rabonsu ko wane suna aka manna a bayanta, har ma Qualcomm yana karɓar kuɗin haƙƙin fasaharsa daga sauran kamfanoni.

Ya fi daɗewa a kan masu ƙera na'urorin da ake ɗaurawa a kan turakun sadarwa. Ni da na riƙe Nokia 3310 shekaru, ban san cewa Nokia ya sayar wa Microsoft sashensa na wayoyi a 2014 ba, ya koma sayar da kayan sadarwa, ya kuma haɗiye Alcatel-Lucent, wani kamfanin ƙera kayan sadarwa, a 2016. Cinikin su Nokia da takwaransa Ericsson na ƙasar Suwidin, in ji shi, kamar na damina ne: idan kamfanonin sadarwa suna kafa sabon tsari, kamar yadda MTN da Mafab suka biya dala miliyan 273.6 kowannensu don lasisin 5G bayan gwanjon Disamban 2021, oda takan yi yawa, da an gama kafawa kuma sai ta ja baya. Masu sayen kayan kaɗan ne, shi ya sa da kamfanin sadarwa na Amurka AT&T ya tsallake Nokia ya ba Ericsson kwangilar da ta kai dala biliyan 14 a ƙarshen 2023, hannun jarin Nokia ya faɗi nan take. Huawei kuwa, babban abokin hamayyarsu, ba a sayar da hannun jarinsa a kasuwa sam.

Sai dai zaman yana da nasa raunin, kuma ba ƙarami ba ne. Batun canjin kuɗi, wanda tun sakin farashin naira a Yunin 2023 shi ne abin da ya fi damun duk mai sayen kadara da dala, ya wuce shi da jimla biyu. Sai da na tambaya da bakina kafin ya ambaci cewa Amurka tana cire kashi 30 cikin ɗari daga ribar da kamfanoninta ke raba wa mai hannun jari daga Najeriya. Da na tambayi yadda ake tantance kamfanin da bashin ruwa ya yi wa yawa, wanda tambaya ce da ya kamata ofishi a Kaduna ya shirya mata, sai ya ce zai bincika ya kira ni, kuma har yau ina jira. Rahoton da suka turo bayan mako guda da Turancin 'yan kasuwar hannun jari aka rubuta shi, ko kusa bai kai bayanin da aka yi mini da Hausa ba.

Duk da haka zan tura musu wanda ke shirin zuba kuɗi saboda kawai ya ga kaya suna tafiya a kasuwa, da sharaɗin ya rubuta tambayoyinsa na haraji da canji da halasci tun daga gida. Ni dai ban sayi komai ba tukuna, ƙanena kuma yana nan a kan bakansa.