Abin rage ƙara da zafi a cikin mota: wanne ya dace da Kaduna?

Duk wanda ya saba bin hanyar Zariya ko ta Abuja da motar Kwatano ya san yadda ƙugin taya da karkarwar ƙofofi ke hana mutum jin maganar na kusa da shi, ga kuma zafin Maris da Afrilu da ke saukowa ta rufi. Kafin a cire kuɗi, ya kamata a gane cewa matsaloli uku ne daban-daban: rawar da ƙarfen motar ke yi, ƙarar da ke shigowa daga titi, sannan zafi. Babu abu ɗaya da ke maganin ukun, ko da mai shago ya rantse.

Abin da na fi yarda da shi shi ne shimfiɗar robar butil mai fatar alminiyom a bayanta, irin wadda Dynamat da Kilmat da STP ke yi. Ƙofar mota fallen ƙarfe ne marar kauri, tana amsa amo kamar farantin ƙarfe da aka buga, wanda da zarar ka ɗora masa tafin hannu sai ya yi shiru. Aikin tafin hannun nan butil ke yi, kuma alminiyom ɗin shi ke danne robar don ta shanye girgizar. Mai kaurin milimita 2 ta wadatar, kuma ba sai an lulluɓe ko'ina ba. Idan aka rufe kashi ɗaya cikin huɗu zuwa rabin tsakiyar fallen, an samu mafi yawan amfanin. Ba ta shan ruwa, ba ta wari, kuma tana jure ranar da mota ke kwasa idan an ajiye ta a fili tun hantsi har la'asar, wanda a garinmu wannan shi ne ma'auni na farko. A fara da ƙofofin gaba, sai ƙasan but da saman tayoyin baya, sannan rufi, inda ake jin bambancin sosai idan ruwan Agusta ya sauko.

Soso mai toshaffun ramuka yana da amfani wajen tare zafi, amma wurinsa a kan butil ne, musamman a rufi. Leda mai nauyi da ake shimfiɗawa ƙarƙashin kafet tana tare ƙarar titi, sai dai murabba'in mita ɗaya ya kai kilo 5, ga tsada. Soson katifa da tsohon bargo kuwa ruwa suke sha, ƙarshensu tsatsa da warin rima.

Inda haɗarin yake shi ne jabu. Akwai shimfiɗar kwalta, irin wadda ake toshe yoyon kwanon rufin gida da ita, cikinta baƙi ne, bayanta na ƙyalli sak kamar butil, kuma wasu na sayar da ita da sunan ta mota. An taɓa liƙa mini ita a ƙofofi bayan na biya kuɗin ta gaske. Da bazara ta kama, sai ta narke ta zame, ta ɓata gilashi duk lokacin da aka sauke shi, motar ta cika da warin kwalta har yara suna kukan ciwon kai, kuma kankare ta ya fi liƙa ta wahala da tsada.

Saboda haka kada kunya ta hana ka gwadawa a gaban mai kaya, a kasuwar Panteka ne ko a wani wuri. Ka sunsuna: kwalta ba ta ɓoye warinta. Ka tsinko ɗan guntu ka ja, butil tana miƙewa ba ta tsinkewa da wuri, ita kuwa kwalta idan ta sha rana na ɗan lokaci sai ta yi laushi ta baƙanta yatsu. Ka lanƙwasa gefen: alminiyom na gaske yana tsayawa yadda ka lanƙwasa shi, jabun kuwa leda ce mai ƙyalli. Sunan kamfani a jikin kwali ba hujja ba ne, domin buga suna ba shi da wuya. Ka kuma tambayi farashi a kan murabba'in mita, saboda girman falle ya bambanta, kuma ta nan ake rage wa mutane mudu.

Ko kayan na gaske ne, ka tsaya a wurin aikin. Akwai masu nuna maka mai kyau su liƙa wani bayan ka tafi, akwai masu liƙawa a kan ƙurar hunturu ba tare da goge ƙarfen ba. Ka tabbata an danne shimfiɗar sosai har babu iska a ƙarƙashinta, ba a rufe wayoyin wuta ba, kuma an bar ramukan da ruwa ke fita ta ƙasan ƙofa a buɗe kafin a mayar da murfin.