Na'urar tururin gas ta fara ciwo: gyara ko sabuwa?

A Njamena, in mota mai fetur da gas tana shaƙewa a kan gas kaɗai, na'urar da ke mayar da gas tururi ake fara zargi. Gyara ya fi sauƙin kuɗi: bakanike ya kwance ta, ya wanke baƙin maiƙon da ya taru, ya sauya robobin ciki. In jikinta lafiya lau, shi ke nan.

Sabuwa kuwa da tsada, kuma sai an sake saiti. Ni sai ta tsage ko tana yoyo nake yarda a saya.

Amma a fara duba fulogi da ruwan lagireto, don ruwan ne ke ɗumama na'urar, in ya yi ƙasa sai ta daskare.