Ɓeran Masar ɗinka ya makance? Ga abin da za ka saya da wanda za ka bari a shago

Da farko dai ka kwantar da hankalinka, ɓeran Masar ko mai ido biyu ne ba wani gani yake sosai ba, da hanci da kunne da gashin baki yake rayuwa, kuma yana haddace hanyoyin ɗakinsa tsaf. Shi ya sa wanda yanar ido ta makantar saboda tsufa ko ciwon suga zai iya ci gaba da harkarsa har ya cika shekarunsa 5 zuwa 7, in dai ba a dinga canza masa wurin kaya ba. To duk abin da za ka saya ka tambayi kanka, wannan zai zauna wuri ɗaya ya daɗe ko kuwa bayan wata biyu sai na sake wani?

Keji shi ne babbar magana. Wanda aka fi samu a kasuwa shi ne irin na zomo ko na kaji mai ƙasan waya, yana da araha kuma kashi na zubewa ƙasa ba sai ka yi ta shara ba, amma gaskiya ni ba zan ba kowa shawarar sa ba. Tafin ƙafarsu babu gashi, wayar na cinye shi ya kumbura ya yi miki, balle makaho da ba ya ganin inda zai taka, ƙafa ta maƙale a rami ta karye. Sai kuma na roba mai hawa biyu da ɗan tsani da ake kawowa daga waje, wlh yana da kyau a hoto, amma kuɗin banza ne, don su ko masu gani ba su iya auna tsayi ba, faɗowa suke. Abin da ya fi shi ne ka je wurin kafinta ya buga maka akwati mai hawa ɗaya, ƙasa shafaffe, tsawo aƙalla santimita 120 faɗi 60, in za ka iya ƙarawa ka ƙara. Gefe ya zama raga don iska, sama ma a rufe saboda kyanwa da ɓeran gida, kuma ka ce masa ya goge bakin katakon ya lanƙwashe duk wata ƙusa, tunda da fuska dabbar nan ke laluben bango.

Shimfiɗa kuma, garin katako mai laushi ɗin nan na wurin masu yankan katako kusan kyauta ne amma ƙurarsa na shiga ido da huhu, a bar shi. Sassaƙen katako manya irin wanda masu kaji ke zubawa ya fi dama-dama in ya bushe kuma ba ya ƙamshi mai ƙarfi, don ƙamshin na rikita masa hanci. Ni dai tsohon tawul da ɗan bargo a kai na fi so, ka samu biyu ko uku kana wankewa kana sauyawa, aikin wanki ne kam ba ƙarya. Wata dabara, ka sa ƙyalle mai kaushi daban a gaban wurin abinci, da ya taka ya san ya iso.

Ruwa fa, kwalba mai bututu ko kasko? In tun yana gani da kwalba ya saba to kar ka canza, ka ƙara ta biyu ma a ɗaya gefen. In kasko ne ka nemi na ƙasa ko na tangaran mai nauyi mara zurfi, na roba kifar da shi zai yi ya kwana cikin jiƙa. Maɓuya ma ba sai ka saya ba, kwali ka huda masa ƙofa biyu shikenan, ƙofa biyun don kar abokin zamansa ya ritsa shi a ciki.

E, aboki. Dabbar garke ce, a Suwizalan ma tun 2008 doka ta hana ajiye guda ɗaya tal. Makaho na bin sauti da ƙamshin ɗan'uwansa ya kai ga abinci, don haka in za ka ƙaro, ka nemi mai sanyin hali kuma jinsinsu ɗaya in ba haihuwa kake so ba. Zomo kam a'a, harbi ɗaya da ƙafar baya ya isa, ga cutar numfashi da yake iya shafa masa.

Abinci ne inda mutane suka fi yin asara. Jikinsu ba ya haɗa bitamin C, kamar mu dai, suna buƙatar wajen miligiram 10 zuwa 30 kullum, kuma abincin zomo ko na kaji na buhu ba don su aka yi ba. Na leda da aka yi musu musamman irin na kamfanin Oxbow yana da kyau in aljihu zai ɗauka, sai dai ka duba kwanan wata don bitamin ɗin na mutuwa in ya daɗe a shago cikin zafi. Yanki ɗaya na koren tattasai mara yaji kullum da ɗan gwaiba jefi-jefi sun fi maganin ɗigawa a ruwa, wanda ke canza ɗanɗano har ya ƙi sha. Ciyawa ita ce kusan kashi 80 na cinsa saboda haƙoransa ba sa daina tsiro. Harawa tana ko'ina amma sinadarin kalsiyam ya yi mata yawa, tana iya kawo tsakuwar mafitsara ga babba, ciyawa zalla mai laushi ta fi, a zuba a ƙasa kar a rataye daidai fuskarsa, tsinke na tsokane ido kuma shi ba zai gani ya kauce ba.

Ragowar kuɗin ka sayi ƙaramin sikelin kicin ka dinga auna shi duk sati, babba yakan kai giram 700 zuwa 1,200, in ya fara sauka to ba ya samun abincin ko haƙori ne. Sai tayil guda ɗaya ya kwanta a kai da gorar ruwan ƙanƙara naɗe a tsumma, asalinsu tsaunukan Andes ne can su Peru, zafi ya wuce digiri 27 sun fara galabaita, ka ga Afrilun Kano ko Sakkwato sai a hankali.

Kuma don Allah in idon farat ɗaya ya yi fari ko yana hawaye, likitan dabbobi za ka nufa, sau da yawa miki ne da ke warkewa in an yi sauri. Kar ka tsaya kemis ka sayo masa amoksisilin ko wani dangin fenisilin, kashe su yake yi.