Wasiƙa Daga Birmingham Kan Sarƙar Da Aka Samu a Kayan Hajiya

Assalamu alaikum, Baffa. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ku da iyali da dukan mutanen gida a ƙasar Ringim, saƙonku ya iso ni game da tsohuwar sarƙar da aka samu a ƙasan fantimotin Hajiya, Allah ya jiƙanta da rahama, da shawarar da wasu suka kawo cewa a kai ta Kano a sayar kafin a zauna rabon gado. Kun nemi in gaya muku yadda ake gane irin wannan kaya a Ingila da yadda ake yi masa kuɗi, kuma da yake garin da nake zaune yana da unguwa guda ta maƙeran zinariya da azurfa, na ga ya dace in rubuto dalla-dalla.

Babban abin da ya bambanta nan da gida shi ne, mai gwada gwal daban, mai cinikinsa daban. Dokar da aka kafa a 1973 ta hana ɗan kasuwa ya sayar da sabon kaya da sunan gwal matuƙar nauyinsa ya kai giram 1, sai wani ofishin gwaji mai zaman kansa ya auna shi ya buga masa hatimi. Ofisoshin guda 4 ne, kowanne da tambarinsa: na Landan kan damisa, na Sheffield fure, na Edinburgh ginin fada, na Birmingham kuwa, wanda aka buɗe tun 1773, ƙugiyar da ake tsayar da jirgin ruwa da ita. Kusa da tambarin akwai lamba mai nuna yawan gwal na ainihi cikin kashi 1000, wato 375 ga karat 9, 585 ga karat 14, 750 ga karat 18, sai 916 ga karat 22. Azurfa mai kyau lambarta 925, kuma sau da yawa akan ga hoton zaki a gefenta.

Saboda haka ina roƙon ku sa ɗaya daga cikin yara masu kaifin ido ya duba wurin da ake maƙala sarƙar, cikin hasken rana, domin a nan ake buga waɗannan alamomi kuma ƙanana ne ƙwarai. Hajiya ta je Makka, kuma gwal ɗin da alhazai suka saba sayowa daga Saudiyya yawanci karat 21 ne, wanda ake rubuta masa 875 ko 21K. Idan kuwa aka ga haruffan GP ko GF, to ƙarfe ne aka lulluɓe da gwal ta waje, darajarsa kaɗan ce komai kyawunsa a ido.

Rashin lamba bai kamata ya karya wa kowa gwiwa ba. Maƙeranmu na dā ba sa buga hatimi, kuma sun daɗe suna narkar da kuɗin azurfa su ƙera wa mata sarƙa da awarwaro, musamman liyarin nan mai hoton sarauniya Mariya Tereza da ke ɗauke da shekarar 1780, wanda fatake suka yi ta kawowa ƙasar Hausa. Sarƙar da ta yi baƙi don daɗewa a ajiye tana iya zama azurfa, domin gwal mai kyau ba ya dafewa haka. Kada a goge ta da toka ko yashi. Ana iya kusanta mata maganaɗisu, in ta manne to ba gwal ba ce, ba kuma azurfa ba, sai dai rashin mannewa bai tabbatar da komai ba, tunda tagulla ma ba ta mannewa.

A gida, 'yan gwal sukan goga kaya a kan baƙin dutse su ɗiga ruwan gwaji su ga ko zanen zai ɓace. Hanya ce mai inganci a hannun gwani, kuma a nan ma ba a daina amfani da ita ba. Abin da suka fi mu shi ne wata na'ura da ake sa sarƙa a ciki, ta haska ta, ta nuna yawan gwal da azurfa da tagullar da ke jikinta ba tare da an kankare ta ba, ko da yake ita ma saman ƙarfen take karantawa, shi ya sa lulluɓi mai kauri yakan ruɗe ta. Abin da yake damuna da tsarinmu ba dutsen ba ne. Mutumin da ya gwada shi ne ya auna, shi ne kuma ya yanka farashi ya saya, alhali wanda ya taso daga ƙauye da kayan marayu ba shi da wanda zai tambaya.

Lissafin kansa ba shi da wuya. Sarƙa mai giram 20 a karat 21 tana da gwal zalla giram 17.5, amma mai wannan nauyi a karat 9 giram 7.5 kawai take da shi. Farashin gwal na duniya sau 2 ake tsayar da shi kowace ranar aiki a Landan, a kan ma'aunin oza mai giram 31.1, kuma kowa yana iya dubawa a waya. Mai saye, ko a nan ko a Kano, zai biya ƙasa da wannan, kuma ba zai mayar da kuɗin aikin da aka biya ranar da aka sayi kayan ba.

Ba ta kowace fuska Ingila ta fi mu ba. Mafi yawan sarƙoƙin da ke kantunansu karat 9 ne, gwal ɗin da ke ciki bai kai rabi ba, irin wanda matanmu ba za su yarda a sa musu a lefe ba. Gyara kuma yana da tsada, abin da maƙerin kasuwar Kurmi ta Kano zai liƙe yana hira da mai kaya, a nan sai an bar shi an dawo wata rana. Shagunan da ke sayen tsohon gwal kuwa nauyi kawai suke dubawa domin narkarwa za su yi, sai dillalan kayan tarihi da gidajen gwanjo ne suke ƙara kuɗi saboda tsufa ko kyawun aiki.

Shawarata, Baffa, ita ce a auna sarƙar a gaban magada biyu a rubuta nauyinta, sannan a kai ta wurin 'yan gwal uku da ba layi ɗaya suke ba, a faɗa wa kowanne tun farko cewa gwaji aka zo yi za a biya ladansa, ba sayarwa ba, kuma kada ta bar idon wanda ya kawo ta. A kai wa malamin da zai raba gadon abin da suka faɗa a rubuce. Idan Gwaggo tana son riƙe ta don tunawa da mahaifiyarta, sai a sa ta cikin rabonta a kan farashin da za a saye ta a ranar rabon, ta cika wa sauran magada in kuɗin ya haura nata kason.