Wagashi maras gishiri da na saya a gefen kasuwar Dole, ga yadda ya yi min a tukunya

Tun ran da likita ya ce tansiyon Innarmu ta hau, girkin gidanmu ya koma sai a hankali wajen gishiri da mai. Ita ba rage magi ba ne ya dame ta, cuku ne, don da shi ta tashi, a daka mata busasshen cukun Buzaye a zuba cikin fura, ko a soya wagashi a jefa a miyar tumatir. To wagashin da muke saye da, wallahi in kin sa a baki kamar kin lashi gishirin Bilma, saboda masu kawo shi daga nesa cikin ruwan gishiri suke dafa shi don kar ya lalace a hanya. Furomaj ɗin butiki mai kusurwa uku da yara ke shafa wa burodi kuwa, shi ma gishiri da mai ne cike. Alhali hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ce babban mutum kar ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato kusan ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke ɓoye cikin abin da aka sayo.

Maƙwabciyata ce a nan unguwar Zango ta Damagaram ta nuna min wata Bafillatana da ke zama gefen kasuwar Dole da ƙwaryarta da safe, ta ce in an yi mata magana tun jiya tana yin wanda babu gishiri, kuma tana fara kwashe man da ya taso saman madarar kafin ta ɗora a wuta. Da ruwan tumfafiya take sa madarar ta daskare, yadda dai aka saba. Na je na ce Inna, na mai hawan jini nake so, ta yi dariya ta ce 'yata ba ke kaɗai ba ce, amma ki sani wannan ba ya kwana uku. Na ba da jika ɗaya na karɓi dunƙule biyu, farare tas, sai sawun kwando a jikinsu.

Gaskiya ɗanyensa salam yake, sai ƙamshin madara kawai, kuma ya fi wanda muka sani tauri, in kin tauna har wata 'yar ƙara yake yi a haƙori, rashin man ne ya jawo haka. Na gwada shi cikin wainar ƙwai ban ji daɗinsa ba sam, ya fito kamar roba. Amma a miya fa, nan ne ya burge ni. Ban tsoma shi a mai ba, kasko na ɗan shafa wa man gyaɗa na gasa yankan har suka yi ja gefe da gefe, sannan na zuba a miyar tumatir mai albasa da tafarnuwa da citta da ɗan attarugu na bar shi ya nuna a ƙaramar wuta, sai ga shi ya tsotse romon ya yi laushi kamar nama, har ya fi mai gishirin shan miya. Innarmu ta cinye shinkafarta tas ta ce a ƙara mata yanka biyu, rabon da in ji ta nemi ƙari tun kafin azumi.

Inda na ci wuya shi ne ajiya. Dunƙule na biyu na sa a firigo, kuran ya ɗauke tun azahar har dare ga zafin Damagaram, da safe na tarar ya yi yauƙi yana tsami, dole na zubar, abin ya yi min ciwo don kuɗi ne. Ashe gishirin nan da muke gudu shi ke tsane ruwan cukun ya hana shi lalacewa. Da na koma na faɗa wa Bafillatanar, ta ce laifina ne, in tafasa shi da ruwa zalla kullum in zan ajiye, ko in sayi na yini ɗaya kawai.

Yanzu dunƙule ɗaya nake saye ranar Alhamis, in gasa shi duka a ranar. Wadda za ta je ta tafi da sassafe da kwanonta mai murfi, kafin ƙarfe 10 ƙwaryar ta ƙare.