Sola da batir, ko gas da nukiliya?

Ɗan'uwa, masu gaya maka cewa gara gas ko nukiliya tunda rana tana faɗuwa sun manta da batir, kuma a yau shi ne yake raba wannan gardama.

Shekara huɗu ke nan ina amfani da sola da batirin litiyom, irin wanda ake kira LiFePO4. Akwai daren da ƙaramar 'yata ta kwana da zazzaɓi, an ɗauke wuta tun da yamma, amma fanka ba ta daina juyawa a kanta ba, kuma da gari ya waye na duba inbata na tarar da sauran caji kashi 40 cikin ɗari. Irin wannan batir yana jure cika da sauka sau dubbai, ana kuma iya shan kashi 80 na cajinsa ba tare da ya lalace ba, alhali batiri mai ruwa da zarar ana wuce rabinsa sai ya fara mutuwa. Janareta mai gas da na saya kafin nan yana tashi dai, iyakar yabon da zan yi masa ke nan.

Nukiliya tana ba da wuta dare da rana babu hayaƙi, wannan gaskiya ne, sai dai jiranta yana da tsawo. Faransa ta fara gina sabon injin nukiliya na Flamanville a 2007, bai shiga layin wuta ba sai a Disambar 2024, yayin da aka kammala babban batirin Hornsdale na Kudancin Ostareliya a 2017 cikin ƙasa da kwana 100 bayan sa hannu a yarjejeniyar haɗa shi da layin wuta. Gas kuwa, Turai ta ji a jikinta a 2022, lokacin da yaƙin Rasha da Yukiren ya sa farashinsa ya yi tashin gwauron zabi. Abin da batir bai iya ba shi ne ɗaukar kwanaki da yawa na hadari, domin ajiyarsa ta sa'o'i ce.

Ka yi hattara da 'yan kasuwar da ke zuba tsofaffin ƙwayoyin batir a sabon akwati su liƙa takardar ƙarya. Kada ka biya sai an nuna maka adadin cajin da batirin ya taɓa yi, an kuma rubuta maka garanti.

Ka sayi sola da litiyom, ka ƙara yawan farantan sola saboda ranakun hadari, janaretan kuma idan kana da shi ka ajiye shi don ko-ta-kwana.